Kati Ɗaya, Unguwa Guda

Shafi na 9

Masu cewa shafin jiya bai kai cikin cokali ba, na ji ku. Masu barazanar ficewa daga zauren nan, ƙofa tana inda kuka bar ta, na kuma san kafin la'asar kun dawo.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka kwana. Shekara shida Ofelia Barragán tana gina kantar littattafan Sifaniyanci a laburaren garinmu. Jiya Juma'a shugabanta, Mista Pell, ya kira ta ofis ya shimfiɗa mata takarda: bara an ari littafi sau dubu ɗaya da ɗari huɗu daga kantar, amma kusan duka da kati ɗaya. Mutum ɗaya ba al'umma ba ne, in ji shi. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. In ba ta kawo masu karatu na gaske ba, za a kwashe kantar a jera kwamfutoci a gurbinta. Bai ce ita ta ƙirƙiri katin don ta kumbura aikinta ba. Ya dai tambaye ta sau biyu ko ta san mai shi.

*

Adireshin da ke kan katin bai kai ta gidan kowa ba. Shagon aski ya kai ta.

Ta dubi takarda, ta dubi lambar ƙofa, ta sake duban takarda. Shagon tsoho Don Cleofas ne, tsakanin wurin wankin kaya da gidan burodi. Ta wuce ta gabansa ya fi sau dubu. A katin an rubuta C. Urrutia, kuma duk faɗin garin nan babu wanda ya taɓa zaton Don Cleofas yana da sunan mahaifi.

Asabar ce, tara saura kwata, laburare sai goma ake buɗewa. Ko karin kumallo ba ta yi ba, domin mahaifiyarta, Doña Herminia, ta riga ta fice da sassafe da jakarta ta saƙa, wai za ta gyara furannin coci.

Ta tura ƙofa, 'yar ƙararrawa ta kaɗa.

Fidencio direban motar tuffa yana kan kujera, rabin fuskarsa kumfa. Chayo mai sayar da tamale, irin alalar masara da ake naɗewa a bawo, tana kan benci da kularta a gaba, tana hutawa kafin ta shiga zagaye.

Don Cleofas ya dube ta ta saman tabarau.

"Yau muna da manyan baƙi. Mai digiri da kanta. Saisaye ko ƙwalƙwal?"

"Ina kwana, Don Cleofas."

"Lafiya lau, 'yata. Ya mahaifiyarki?"

"Tana coci."

Chayo ta yi tari, ta shiga gyara murfin kular da babu abin da ya same shi.

Ofelia ta miƙa takardar.

"Katin nan naka ne?"

Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita.

"Hotona ne a jiki?"

"Ba ma sa hoto."

"To ai kin ji matsalarku ke nan."

"Don Cleofas, littafi dubu ɗaya da ɗari huɗu a shekara ɗaya."

"Allah ya yi ni da son karatu."

Fidencio ya yi dariya har kumfa ta faɗo masa a ƙyalle.

"Wannan? Wannan da ko kalandar da ke bayansa bai karanta ba? Har yanzu tana watan Yuni."

"Hoton Yuni ya fi kyau. Ka motsa kuma, kunne ɗaya za ka kai wa matarka."

Ofelia ba ta yi dariya ba. Ta gaya musu abin da aka gaya mata jiya, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta zo kan ranar Alhamis, Don Cleofas ya ninke askarsa ya ajiye.

"Za su kwashe duka?"

"Har katakon."

Ya dubi Fidencio, Fidencio ya dubi Chayo, Chayo ta dubi rufin ɗaki. Daga nan tsohon ya taka zuwa ƙarshen shago, inda wani labule mai hoton zakaru yake rataye, wanda kowa ya ɗauka tsintsiya da bokiti yake ɓoyewa. Ya yaye shi.

Akwatunan tuffa ne na katako, an kwantar da su a gefe, an ɗora wani kan wani. Ciki littattafai, kowanne da farar lamba a ƙeyarsa. Ofelia ta san lambobin. Ita ta manna su da hannunta, wasu ma a karkace.

"Hamsin cif nake ɗauka," in ji shi. "Na'urarku ba ta yarda da hamsin da ɗaya, na gwada ta. Waɗannan ashirin da biyu ne, saura suna gidajen mutane. Duk Litinin in mayar da waɗanda aka gama, in kwaso wasu."

"Litinin."

"Ranar hutun masu aski."

"Ranar hutuna ce ni ma."

"Shi ya sa muke zaman lafiya da ke shekara shida."

Ta matsa kusa. A goshin kowane akwati an yi rubutu da baƙin alƙalami. Na sama: NA KUKA. Mai bi masa: NA HARBI. Sai NA TUKUNYA, sai NA NEMAN ABINCI, inda littattafan jarrabawar tuƙi da ta haɗa wutar lantarki da ta zama ɗan ƙasa suke, duk sun yi laushi kamar tsohon zane. Shekara biyu ta yi a jami'a tana koyon yadda ake jera littattafai da lamba da ɗigo, ga mai aski ya gama aikin da kalma biyu biyu.

Akwai akwati na biyar a can ƙasa. Ba ta sunkuya ta karanta nasa ba tukuna.

"Don me?" ta ce. "Laburare ga shi can, tafiyar minti bakwai. Don me ba za su zo su karɓi nasu katin ba?"

"Ba su da fiador."

"Ba su da me?"

Su ukun suka dube ta kamar ta tambayi mene ne gishiri.

"Mai tsaya maka," in ji Chayo. "Wanda zai sa hannu, in ka gudu da littafi a kama shi."

Fidencio ya gyara zama, don irin wannan bayani shi ne abincinsa.

"Mai digiri, a garinmu can Michoacán, kafin a ba ka littafi ka kai gida, sai hoto biyu, sai takardar wutar gidanku, sai mutum mai gidan kansa ya zo ya sa hannu. A ƙasarka ke nan, inda aka san kakanka da jakinsa. To balle ƙasar wasu."

"Amma a nan ba a yin haka."

"In ji wa?"

"In ji ni. Aikina ne. Na manna sanarwa a gidan burodi, na manna a coci, na manna a wurin wanki. Na rubuta kyauta ne."

"Mun gani. Sanarwa mai kyau, har launi biyu. Kin rubuta kyauta, ba ki rubuta babu fiador ba."

"Ta yaya zan rubuta babu abin da ban san akwai shi ba?"

"Mu kuma muka ce, abin da kowa ya sani ai ba sai an rubuta ba."

Ofelia tana da shekara bakwai aka ƙetaro iyaka da ita zuwa ƙasar nan. Duk laburaren da ta taɓa shiga na nan ne. A jami'a ta rubuta kundi mai shafi casa'in a kan sanin al'ummar da kake wa aiki, aka ba ta babban maki, kuma babu kalmar fiador a ciki ko sau ɗaya.

Ta zauna a benci kusa da Chayo. Chayo ta buɗe kula ta miƙa mata tamale ɗaya mai zafi.

"Kai kuma wa ya naɗa ka?" ta tambayi tsohon tana ɓare bawon.

"Ku."

"Mu?"

"Shekarar da aka buɗe kantarki, marigayi Don Lalo ya zo nan ya ce in taimaka in tsaya masa, tunda shagon nan nawa ne, ba haya ba. Na sa rigar zuwa coci, na ɗauki takardun shago da hotuna biyu, na je ran Litinin. Wata Baturiya ce a teburi. Na yi mata bayani da Sifaniyanci, ta yi mini murmushi da Turanci. Na shimfiɗa mata takardun shago, ta duba adireshi, ta buga, ta miƙo kati."

"Sunanka kawai take nema da inda kake."

"Ni kuma na ce, ta ga takardu ta gamsu. Hotunan ma ta mayar mini, na ce lallai an yarda da ni sosai."

"Ya dawo yana tafiya kamar gwamna," in ji Fidencio. "Mako guda bai yi wa talaka aski ba."

"Tun daga ranar duk mai son littafi nan yake zuwa. Kuma ki rubuta wannan a takardarki: shekara shida, ko ɗaya bai ɓata ba. Wanda na tsaya wa ba ya ba ni kunya."

Ofelia ta haɗiye lomar da ke bakinta. Daren jiya ta kwana tana tunanin wani mahaukaci ne ke kwasar littattafan yana tarawa a gareji. Yanzu ga shi an ce mata shekara shida ana karanta su a kicin, a motar ɗaukar ma'aikata, a ƙarƙashin itacen tuffa lokacin hutun rana.  Ta ƙarasa tamalen, abin da ba ta yi niyya ba.

"To shi ke nan," ta ce. "Ka ba ni sunayensu, in kai wa kwamiti."

"A'a."

"Sunaye kawai, Don Cleofas."

"Mai tsayawa da ke ba da sunaye ɗan sanda ne mai almakashi."

"Kwamitin laburare ne fa. Tsofaffi biyar da faranti na biskit."

"Takarda ba ta san hannun da za ta kwana ba, 'yata."

Chayo ta gyaɗa kai.

"Ni ko mai kawo wasiƙa bai san ƙofata ba, kuma muna gaisawa."

Ofelia ba ta ja maganar ba. A unguwar nan ta girma, ta san abin da ake tambaya da abin da ake bari.

Ta miƙa hannu ta zaro ɗaya daga akwatin NA HARBI, don dai hannunta ya sami abin yi. Ɗan ƙaramin littafi ne, mutum da malfa da doki a bango. Ta juya shi, ya buɗe da kansa a shafin ƙarshe, farin da ba a buga komai a kai ba.

Shafin cike yake da 'yan zane-zane. Kofaton doki. Jinjirin wata. Kifi. Gicciye mai da'ira. Wani abu da ko kaza ce ko takalmi.

"Yaran nan," ta ce. "Kullum sai na bi ina gogewa."



Fidencio ya juyo da kujerar gaba ɗaya.

"Ashe ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke ce mai goge mini kofato. Mai digiri, littattafan nan duk bangonsu ɗaya, mutum da malfa da doki. In ka gama sai ka sa alamarka a baya, don kada ka sake ɗauka. Kofato nawa ne. Wata na Chayo. Saboda ke na karanta littafi ɗaya sau uku."

"Ba ka gane ba tun a farko?"

"Sai a tsakiya nake fara zargi. Kuma duk sau ukun sai da suka kashe dokin."

Chayo ta kwashe da dariya har tana dafa kula. Ofelia ba ta ji su ba. Ta zaro wani littafin, ta juya baya. Ta zaro wani. Na kuka, na tukunya, na jarrabawar tuƙi, kowanne da nasa taron a shafin ƙarshe, wasu da fensir, wasu da biro, wani da abin da ya yi kama da jan baki.

"Kowa da tasa alamar?"

"Ba a yarda biyu su yi iri ɗaya ba," in ji Don Cleofas. "An taɓa rigima a kan tauraro, sai da na raba: ɗaya mai ƙafa biyar, ɗaya mai shida."

"Su nawa ne?"

"Tamanin da bakwai. Uku sun koma gida. Don Lalo ya rasu, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai alamar tsani."

Tamanin da bakwai. Ta maimaita a ranta. Mista Pell yana son mutane, ga mutane, kowa ya sa hannu da kansa, kuma babu sunan da zai kwana a hannun kowa. Abin da ta shekara shida tana gogewa da roba, shi ne shaidarta.

"Zan ɗauki hoton shafukan nan in kai musu."

"Ɗauki," in ji tsohon. "Kifi ba shi da adireshi."

Ta ɗauki uku, huɗu, sai hannunta ya tsaya. Ta tuna yadda Mista Pell ya tambaye ta sau biyu ko ta san mai katin. Wanda ya yi zaton ta ƙirƙiri kati, zana kifi ba zai gagare ta ba a ganinsa.

"Ba zai isa ba. Sai da mutum. Ko ɗaya ne, mai rai, ya tsaya gabansu ya ce wannan alamar tawa ce. Fidencio?"

"Alhamis muna tsinkar tuffa ta ƙarshe. Kuma Turancina na tuffa ne, daga manya sai ƙanana sai ruɓaɓɓu."

"Ni zan fassara."

"Ni da gwamnati sai dai a hanya, ina daga dama tana daga hagu."

"Chayo?"

Chayo ta miƙa mata tamale na biyu. Amsar ke nan.

"Don Cleofas, kai fa? Kai da takardun shago."

Ya ɗauki askarsa ya shiga wasa ta a fata, a hankali.

"A bayan katin nan akwai ƙananan rubutu. Jikata ta karanta mini. An ce ba a ba wani aron kati. In na tsaya gabansu na ce na ba mutum tamanin da bakwai, me za su yi da katin?"

 Ofelia ma ta san ƙananan rubutun.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Fidencio.

"Mai rabin gemu ba ya shiga maganar manya."

Ofelia ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan akwati na biyar, na can ƙasa. Yanzu ta karanta goshinsa.

NA MAI DIGIRI.

Ta durƙusa. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Su ne waɗanda take alfahari da su, waɗanda duk ƙarshen Nuwamba take zuwa baje kolin littattafai na birnin Guadalajara ta zaɓo da kanta, masu lambar yabo a bango, ta yi ta faɗa da ma'aikatan jirgi a kan nauyin akwati. Bangonsu yana ƙyalli kamar jiya aka buga.

"Wannan kuma fa?"

Don Cleofas ya yi gyaran murya.

"Littattafai ne masu kyau. Masu nauyi. Ɗaya ma ya taɓa yi mana maganin ƙafar tebur."

"Na gwada ɗaya," in ji Fidencio. "Shafi arba'in mutum yana kallon taga. Na jira a harbe shi, shiru."

"In ba a karanta su, me ya sa kake ɗaukowa?"

"Ban ce ba a karanta su ba."

Ta zaro mafi kauri, ta juya shafin ƙarshe. Fari tas, babu kofato, babu wata. Sai a can kusurwa, ɗigo uku da jan biro, biyu a ƙasa, ɗaya a sama.

Ta zaro na biyu. Ɗigo uku.

Na uku. Ɗigo uku.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta san wannan alama tun kafin ta san harafi. Tana gindin kowace tukunya a gidansu, da jan farce, don kada ta ɓace a bikin coci. Tana cikin wuyan rigar makarantarta ta farko, da jan zare.

"Wace ce wannan?"

"Na gaya miki ba na ba da sunaye."

"Don Cleofas."

"Abin da zan iya cewa, mai alamar nan ita ke sa ni ɗauko su. Ta ce wata ta sha wahala ta jido su tun daga Guadalajara, bai kamata su tsufa ba wanda ya buɗe su. Duk ta karance. Wani ma da ta gama sai da ta zauna a bencin nan ta sha ruwa."

'Yar ƙararrawa ta kaɗa.

Doña Herminia ta shigo da baya, tana karkaɗe takalmi, jakar saƙa a kafaɗa.

"Cleofas, wancan na ƙarshen, matar ba ta da zuciya. Da ni ce tun a babi na biyu na..."

Ta juyo. Ta ga labule a yaye, ta ga 'yarta a durƙushe da littafi a hannu.

Shekararta saba'in da ɗaya, ta ƙetare hamada da yarinya a hannu, shagon aski ba zai firgita ta ba. Ta gyara mayafinta.

"Ba ki karya ba kika fito."

"Mama, na ɗauka kina coci."

"Daga can nake."

"Gyaran furanni."

"Furanni minti goma ne."

"Me ke cikin jakar?"

"Littafin addu'a."

Ofelia ta miƙe ta miƙa hannu. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hannun, sannan ta zaro. Baƙin bangon fata ne mai gicciye, wanda Ofelia take gani a cinyarta kowace yamma shekara da shekaru, har tana rage sautin talabijin don kada ta katse mata ibada. Ta buɗe. A ciki wata mata ce da doguwar riga ja a hannun wani mai faɗin ƙirji, da farar lamba a ƙeya, a karkace.

"Bangon dai na addu'a ne," in ji Doña Herminia.

Fidencio ya cusa ƙyalle a baki.

"Mama, gida ɗaya muke kwana. Ni ce mai kantar. Da kin ce uffan, da na kawo miki har gado."

"Uwa ba ta sa 'yarta ta tsaya mata. Ni na tsaya miki, haka Allah ya tsara."

"Ba a bukatar mai tsayawa."

"In ji wa?"

"Mun wuce nan, Doña," in ji Don Cleofas. "Wai ashe babu."

Tsohuwar ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Ko babu, ba na son ki buɗe na'ura ki ga abin da uwarki take karantawa."

Ofelia ta ɗaga mai kaurin, ta nuna mata ɗigo ukun.

"Wannan fa? Shafi ɗari shida."

"Da goma sha biyu."

"Kin ji daɗinsa?"

"Kin ji daɗin man kifin da nake ɗura miki kina ƙarama?"

Ofelia ta yi dariya, ita ce ta farko tun jiya, ta goge ido da bayan hannu ta ce tururin tamale ne. Babu wanda ya musa. Daga nan ta zaunar da mahaifiyarta a benci ta gaya mata komai: kati ɗaya, kwamiti, Alhamis, kwamfutoci.

Doña Herminia ta saurara har ƙarshe.

"Mutum ɗaya suke so?"

"Ɗaya mai rai."

"Ina da takardun ƙasarsu. Daga akwatin can na haddace amsoshin, har sunan kogunansu. Babu mai kora ta ko'ina. Zan je."

"Mama..."

"Amma ki sani, duk abin da suka tambaye ni gaskiya zan faɗa. Har da waɗannan tubalan da kike jidowa. Bana in za ki Guadalajara, da ni za ki, ko da takardar da za mu rubuta miki."

"A sa na harbi," in ji Fidencio. "Wanda doki ba ya mutuwa."

"Da na ɗinki," in ji Chayo.

Ofelia ta laluba aljihu tana neman biro. Ba ta kai ga samu ba ta ga Chayo ta daina dariya, tana kallon gilashin ƙofa.

A bakin titi wani dogon mutum ne da hular hana sallah da wandon ranar hutu, riƙe da takarda. Ya dubi takardar, ya dubi lambar ƙofa, ya sake duban takardar.

Mista Pell. Ashe ba ita kaɗai ta kwafi adireshin ba.

Chayo ta rufe kularta. Don Cleofas ya dafa aljihun rigarsa, inda katin yake. Ofelia ta yunƙura za ta ja labule a kan akwatunan, sai ta ji an riƙe mata hannu.

"Bar shi a buɗe."

"Mama, zai ƙwace katin."

"Shi ne mutumin?"

"Shi ne."

Doña Herminia ta mayar da littafin matar mai jar riga cikin bangon addu'a, ta rungume, ta miƙe tsaye. Kanta bai wuce kafaɗar 'yarta ba.

"Fidencio, tashi ka ba baƙo kujera."

"Doña, rabin gemuna..."

"Ba inda zai je."

Ya tashi. Don Cleofas ya kakkaɓe ƙyalle, ya juya kujerar tana fuskantar ƙofa.

"Ashe ba sai Alhamis ba," in ji tsohuwar. "Tsaya nan kusa da ni ki fassara. Kuma ina jin Turanci daidai gwargwado, in kika sa sukari zan sani."

'Yar ƙararrawa ta kaɗa.